N'Golo Kanté: Mafaraucin da Aka Yi Ta Ɗauka Maigadi Ne

Ranar Asabar 24 ga Satumban 2016 ina gidan kallon ƙwallo na unguwarmu, a kan bencin katako na uku daga gaba, janareto na ta ruri a bayan katanga. Arsenal ce ta karɓi baƙuncin Chelsea, kuma kafin a tafi hutun rabin lokaci an riga an zura wa Chelsea uku. Ta ukun ce ta tayar da ƙura. Mesut Özil ya karɓi ƙwallo a tsakiyar fili, N'Golo Kanté ya taso masa a guje, Özil ya juya sau ɗaya ya bar shi a baya, sai ga fili fetal, babu kowa tsakaninsa da 'yan bayan Chelsea. Ya ba Alexis Sánchez, Sánchez ya mayar masa, ya buga ta shiga. Magoya bayan Arsenal suka miƙe suna ihu, wani na bayana yana ta nanata cewa fam miliyan 32 da Chelsea ta biya Leicester ta sayo Kanté a rariya aka zuba su.

Da muka fito alwalar magariba na tarar da wani dattijon unguwarmu wanda ya taka leda a ƙuruciyarsa. Na ce masa, "Baba, ashe yaron nan a Leicester kaɗai ya iya ƙwallo?" Ya ajiye buta ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ba laifin yaro ba ne. Mafarauci suka sayo, suka ba shi gadin ƙofa."

Shekaru sun shuɗe. Kanté ya ɗaga kofin Firimiya sau biyu, ya ɗaga na zakarun Turai, ya ɗaga na duniya, amma har yau ban ji wanda ya fassara shi kamar wannan dattijo ba. In ka riƙe maganar nan, tarihin wasansa zai warware maka: inda ya yi fice, inda ya yi sanyi, abin da ya sa kocin Faransa ya bar shi a benci ranar wasan ƙarshe na 2016, da abin da ya sa aka kwashe kaka guda ana cacar baki a kansa zamanin da Maurizio Sarri ke horar da Chelsea.

Mu masu kallo mun saba duk ɗan wasan tsakiyar da ya iya ƙwace ƙwallo mu ce masa lamba shida, mu wuce wurin. Alhali aiki biyu ne daban. Akwai maigadi, wanda ke tsayawa gaban 'yan baya ba ya gusawa, ya toshe hanyar da ƙwallo za ta bi, in ya karɓa ya miƙa wa na kusa. Haka Claude Makélélé ya yi a Real Madrid da Chelsea, haka Mikel Obi ya yi shekara da shekaru a Chelsea. Ƙarfin maigadi haƙuri ne, da sanin cewa in ya bar ƙofa an shiga gida. Mafarauci kuwa ba ya jiran nama ya zo inda yake, shi ke binsa har daji.

Ka zuba wa Kanté ido na minti biyar, ka manta da ƙwallo, za ka ga abin da nake nufi. Ba ya jira abokin hamayya ya karɓi ƙwallo ya daidaita sannan ya tunkare shi. Tun tana tafiya tsakanin mai bayarwa da mai karɓa yake tasowa, sau da yawa ta gefen da mai karɓar ba ya gani. Abin da yake hari shi ne taɓawar farko: da zarar ƙwallo ta ɗan yi nisa da ƙafar mai ita ko da taku ɗaya ne, ya sa tasa ƙafar ya ɗauke. Tsawonsa mita 1.68 ne, don haka yana kusa da ƙasa, juyawa ba ta ba shi wahala, kuma in aka yanke shi yakan dawo ya sake tarar mutum kafin ya yi nisa. Ba ya kwanciya ƙasa sai dole. Wannan ne ya sa bayan ya ƙwace yana tsaye da ƙafafunsa, sai ya ja ƙwallo ya ruga da ita gaba yayin da abokan hamayya ke a warwatse. Ƙwacewar da kai harin a wurinsa abu ɗaya ne.

To amma duk wanda ya fita farauta ya bar gida. In ya kuskure, kamar yadda ya kuskure Özil, ramin da ya bari a bayansa babba ne. Shi ya sa tambayar da ta fi muhimmanci a kowace ƙungiya da ya buga wa ita ce: wa ke tsaye a gida in ya fita?

An haifi Kanté a Paris ranar 29 ga Maris na 1991. Iyayensa 'yan Mali ne da suka je Faransa neman abinci, ya tashi a Rueil-Malmaison da ke bayan garin Paris, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 11. Ya fara ƙwallo yana da shekara takwas a wata ƙaramar ƙungiyar unguwa, JS Suresnes, ya zauna can kusan shekara goma, manyan makarantun horar da 'yan wasa na Faransa ba su ɗauke shi ba. Ana yawan cewa gajartarsa ce ta hana, kuma akwai gaskiya a ciki, amma ina ganin ba ita kaɗai ba ce. Gwajin yini ɗaya mai yanka da mai gudu da mai ƙarfin bugu yake nunawa. Yaron da baiwarsa ita ce gane inda ƙwallo za ta faɗa kafin a buga ta, ga shi ba ya magana, ba ya nuna kansa, sai ka kalle shi wasa goma kafin ka san abin da kake gani.

Sai a 2010 Boulogne ta ɗauke shi, a ƙungiyarta ta biyu, yana haɗa ƙwallo da karatun akanta, yana zuwa atisaye a kan ɗan keken turawa da ƙafa. Wasansa na farko na ƙwararru a watan Mayun 2012 ne, yana da shekara 21, kuma kakar da ta biyo baya a rukuni na uku ya buga ta. Domin a ga nisan tazarar: a 2013 Paul Pogba, wanda Kanté ya girma da shekara biyu, yana Juventus ya ci gasar Italiya ta Serie A, ya kuma jagoranci Faransa ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20. Kanté kuwa bai taɓa sa rigar Faransa a kowane matakin matasa ba. A shekarar ce ya koma Caen, ya buga duka wasanni 38 na rukuni na biyu, suka hau zuwa babbar gasar Faransa, ya ƙara kaka guda a can.

Steve Walsh, mai nemo wa Leicester 'yan wasa, shi ya nace sai an saye shi. An biya kusan fam miliyan 5.6 a Agustan 2015. Kocin ƙungiyar, Claudio Ranieri, bai gamsu da shi nan take ba. Esteban Cambiasso ya tafi, kuma Gökhan Inler da aka ɗauko daga Napoli ake sa ran zai gaje shi, don haka Kanté daga benci ya fara, har a gefen hagu an gwada shi. Da ya samu tsakiya kusa da Danny Drinkwater, babu wanda ya sake tayar da shi.

Leicester ta 2015 zuwa 2016 kamar don shi aka ɗinka ta. 'Yan baya huɗu suna can ƙasa kusa da gola, Wes Morgan da Robert Huth ba sa hawa sama, ƙungiyar ba ta damu da riƙe ƙwallo ba, kuma layukanta a matse suke. Ma'ana ko Kanté ya fita ya kuskure, ramin ba shi da faɗi, ga Drinkwater a tsaye. In kuwa ya ƙwace, Jamie Vardy ya riga ya fara gudu, Riyad Mahrez na jira a dama. Ya gama kakar da ƙwace ƙwallo sau 175 da tare ta a hanya sau 157, babu wanda ya kai shi a duka biyun a gasar. Walsh ya taɓa cewa Leicester da mutum uku take wasa a tsakiya: Drinkwater a tsakiya, Kanté a damansa, Kanté a hagunsa. Mutane sun ɗauki maganar raha, amma bayanin tsari ne. Ƙungiyar da ke da 'yan tsakiya biyu kacal a zamanin da kowa ke sa uku ya kamata a danne ta, sai ba a danne ta ba, kuma hakan ya ba ta damar ajiye 'yan gaba biyu, Vardy da Shinji Okazaki. Sun ɗauki kofin Firimiya da maki 81, tazarar goma tsakaninsu da Arsenal, wasa uku kaɗai aka ci su.

Mahrez aka ba kyautar gwarzon 'yan wasa a shekarar, kuma ya cancanta. Amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Kanté kaɗai ne ya tafi cikin ginshiƙan ƙungiyar, Vardy da Mahrez da Drinkwater da Ranieri duk suna nan, an ma ƙaro Ahmed Musa daga CSKA Moscow, abin da ya sa da yawa cikinmu muka koma bin wasannin Leicester a wannan kaka. Sai ga ƙungiyar tana fafutukar kada ta faɗa rukuni na biyu. An kori Ranieri a Fabrairun 2017, suka ƙare a na 12. Tsakiyarsu ba ta fara dawowa hayyacinta ba sai da Wilfred Ndidi ya zo daga Genk a watan Janairu.

A Chelsea kuwa, abin da Baba ya hango kocin ƙungiyar Antonio Conte ma ya gan shi. Da farko shi kaɗai ya ajiye Kanté gaban 'yan baya huɗu, aka ci su a hannun Liverpool, aka ci su a hannun Arsenal. Tun a cikin wasan Arsenal ɗin ya koma 'yan baya uku, ya dawo da Nemanja Matić kusa da Kanté, ya mai da Victor Moses ɗan gefen dama mai hawa da sauka, Marcos Alonso a hagu. Yanzu in Kanté ya fita akwai dogon Matić a gida, ga mutum uku a bayansa. Suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofi da maki 93. 'Yan wasa suka zaɓe shi gwarzon shekara, marubuta wasanni ma haka. In aka cire masu tsaron raga, rabon da a ga ɗan wasan da ya ci gasar Ingila shekara biyu a jere da ƙungiyoyi biyu daban tun Eric Cantona a 1992 da 1993. Mu 'yan Najeriya mun ji ɗaya ɓangaren labarin a jikinmu: Mikel Obi bai buga ko wasa ɗaya na Firimiya a ƙarƙashin Conte ba, a Janairun 2017 ya tattara ya tafi Sin.

Kaka ta gaba aka sayar da Matić ga Manchester United, aka kawo Tiémoué Bakayoko bai zauna da gindinsa ba. Kanté bai rage komai ba, har shi aka zaɓa gwarzon ƙungiyar, sun kuma ci kofin FA, amma a gasar na biyar suka ƙare.

Batun ƙasa yana da ɗan ɗaci ga duk mai kishin ƙwallon Afirka. Mali ta neme shi tun kafin duniya ta san shi. Hanyar a buɗe take, domin Frédéric Kanouté, haifaffen Faransa, Mali ya buga wa har ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 2007, kuma Mahrez, wanda shi ma a bayan garin Paris aka haife shi, Aljeriya ya zaɓa. Kanté ya jinkirta, sai kocin Faransa Didier Deschamps ya kira shi a Maris na 2016. Ya fara da shigowa daga benci a wasa da Holan, bayan kwana huɗu aka fara da shi a wasa da Rasha a ranar da ya cika shekara 25, ya ci ƙwallo. Ban ga abin zargi a zaɓinsa ba. A Faransa aka haife shi, can ya yi karatu, can ya koyi ƙwallo a filin unguwa. Sai dai ba na iya hana raina tunanin yadda tsakiyar Mali za ta kasance da ya amsa kiranta.

Gasar ƙasashen Turai ta 2016, wadda Faransa ta karɓi baƙunci, ta nuna wa kowa matsalar da ke tattare da shi. Deschamps ya fara da mutum uku a tsakiya, Kanté a ƙasa, Pogba da Blaise Matuidi a gabansa, wato gadin ƙofa. Ƙungiyar tana ci amma da ƙyar. A zagaye na biyu Ireland tana gaba da ci ɗaya, Kanté ya karɓi katin gargaɗin da ya hana shi wasa na gaba, aka cire shi a hutun rabin lokaci, aka matso da Antoine Griezmann bayan Olivier Giroud, Griezmann ya ci biyu. Da aka lallasa Iceland 5 da 2 ba tare da shi ba, Deschamps bai sake taɓa tsarin ba. Ranar wasan ƙarshe Kanté yana benci har aka tashi, yana kallo Éder ya ja ƙwallo ta tsakiya a minti na 109 ya buga daga nesa, Fotugal ta ɗauke kofi a Paris. Daidai wurin da Éder ya samu sararin juyawa nan ne wurin farautar Kanté, kuma magoya bayan Faransa sun daɗe suna jin zafin hakan.

A Rasha a 2018 Deschamps ya samo dabarar. Shi kansa ɗan tsakiya ne a zamaninsa, wanda Cantona ya taɓa yi wa gorin cewa ɗan ga-ruwa ne kawai, aikinsa ɗebo ƙwallo ya kai wa gwanaye, kuma wannan ɗan ga-ruwa ne kyaftin ɗin da ya ɗaga kofin duniya a 1998. Ya san darajar aikin. Bayan wasan farko da Ostireliya da bai yi armashi ba, ya sa Kanté da Pogba su biyu a tsakiya, ya ajiye Matuidi a gefen hagu da sunan ɗan gaba alhali aikinsa ya matso ciki ya toshe, ya saki Kylian Mbappé a dama. A nan dole in faɗi abin da ya ɗan saɓa wa hujjata: a wannan gasa Kanté ya yi gadi fiye da yadda ya saba, kuma ya yi shi da kyau. Amma a duba yanayin. Faransa tana ja da baya ta matse kamar Leicester, Pogba ya ajiye kwalliya ya rungumi aiki irin wanda ba a taɓa ganin ya yi wa Manchester United ba, Matuidi kuma na rufe ɗaya gefen. Dajin ne aka rage masa faɗi, ba farautar aka hana shi ba.

Wasan Ajantina a Kazan, wanda aka tashi 4 da 3, shi ya sa abokan wasansa suka riƙa yi masa waƙar cewa ya tsayar da Lionel Messi. Messi dai ya sa hannu a ƙwallo biyu a ranar, amma bai ci ba, kuma duk lokacin da ya sauko tsakiya neman ƙwallo sai ya tarar da Kanté a jikinsa. An fara da shi a duka wasanni bakwai. Na ƙarshen, da Kuroshiya a Mosko ranar 15 ga Yuli, shi ne mafi rauni a cikinsu. Luka Modrić da Ivan Rakitić da Marcelo Brozović suna ta juya ƙwallo cikin sauri, ya karɓi katin gargaɗi tun kafin rabin awa, Ivan Perišić ya kauce masa ya farke ƙwallo, kuma a minti na 55 aka cire shi aka sa Steven Nzonzi. Daga baya rahotanni suka ce da ciwon ciki ya shiga fili. Faransa ta ci 4 da 2. Ana ta murna, kowa na karɓar kofi yana ɗaukar hoto, shi yana gefe, kunya ta hana shi ya ce a ba shi, sai da Nzonzi ya sa baki aka miƙa masa.

Yana dawowa Landan ya tarar da sabon koci Sarri, wanda ya zo da Jorginho daga Napoli ya ba shi gindin tsakiya, ya tura Kanté gaba ta dama. Nan aka yi ta kumfar baki, a talabijin ɗin Ingila da gidajen kallonmu baki ɗaya: yaya za a ɗauke lamba shida mafi iyawa a duniya daga wurinsa? Duk lokacin da aka ci Chelsea, musamman ranar da Manchester City ta zuba mata shida a Fabrairun 2019, wannan ce maganar.

Ni a ganina masu sukar sun yi kuskure a tushe, domin wurin da suke cewa a mayar da shi bai taɓa zama wurinsa ba. Wanda ke gindin tsakiya a ƙungiyar da ke riƙe ƙwallo shi ke karɓa daga 'yan baya sau ɗari a wasa, ya rarraba da taɓawa ɗaya, kuma ba ya gusawa. Wannan ba sana'ar Kanté ba ce. Inda Sarri ya gaza daban ne. Ya tura shi can sama inda zai riƙa karɓar ƙwallo yana ba gola baya, a tsakanin 'yan baya da suka taru suka cunkushe, ana nema masa fasin da zai tsaga su. Sannan in ƙwallo ta ɓace yana nesa da Jorginho, wanda ba shi da gudu, sai a bi ta kansa. An raba maigadi da mafarauci da nisan da ɗaya ba ya jin kiran ɗaya. Duk da haka ya ci ƙwallo huɗu a gasar, fiye da kowace kaka tasa a Ingila, ya koyi karɓar ƙwallo a matsi, sun ƙare na uku, kuma ya buga wasan ƙarshe na Europa a Baku da ciwon gwiwa suka doke Arsenal 4 da 1.

Amfanin wannan karatu ya fito a 2021. Thomas Tuchel ya karɓi ƙungiyar daga Frank Lampard a watan Janairu, ya dawo da 'yan baya uku, ya haɗa Kanté da Jorginho kafaɗa da kafaɗa. Mutanen nan biyu da aka ce ba za su zauna inuwa ɗaya ba, ashe matso da su kusa kawai ake buƙata. Duk wanda ke son sanin Kanté ya koma ya kalli wasa na biyu da Real Madrid a zagayen kusa da na ƙarshe na kofin zakarun Turai, a Stamford Bridge ranar 5 ga Mayu. A gabansa akwai Modrić da Toni Kroos da Casemiro, waɗanda suka ci kofin zakarun Turai sau uku a jere. Ƙwallon farko: ya karɓa a tsakiya ya juya, ya yi ba-ni-in-ba-ka da Timo Werner, ya tura wa Kai Havertz, Havertz ya ɗaga ta bugi turke, Werner ya sa kai. Ta biyu, ana dab da tashi: ya hango Nacho bai daidaita ƙwallo ba, ya taso ya ɗauke, ya ja ya ba Christian Pulisic, Pulisic ya shimfiɗa wa Mason Mount. Ɗaya daga abin da ya koya wurin Sarri, ɗaya daga abin da ya zo da shi tun Caen.

A wasan ƙarshe a Porto ranar 29 ga Mayu, kocin Manchester City Pep Guardiola ya fara wasa babu Rodri babu Fernandinho, wato babu maigadi ko ɗaya. Havertz ya ci a minti na 42 ta wata hanya da ta buɗe a tsakiyar City. A ɗaya gefen kuma, bayan an dawo hutu Kevin De Bruyne ya taso da ƙwallo zai shiga da'irar Chelsea, Kanté ya biyo shi ta baya ya zame ya zare ta ba tare da ya taɓa shi ba. Shi aka ba kyautar gwarzon wasa a duka wasannin Madrid biyu da kuma na ƙarshe. A zaɓen Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallon duniya, na shekarar na biyar ya zo. Abin da ya rage masa ƙuri'a shi ne gasar ƙasashen Turai da ta biyo baya, inda Faransa tana gaban Suwizalan 3 da 1 ta bari aka farke, aka fitar da ita a bugun fenariti.

Akwai wani irin yabo da ake yi masa da ke damuna. Ana cewa ruwa ya rufe kashi 70 cikin ɗari na duniya, sauran Kanté ya rufe. Ana cewa huhu uku gare shi. Sai kuma labaran kirkinsa: ƙaramar motarsa Mini Cooper a tsakanin motocin alfarma na abokan wasansa, daren da jirgin ƙasa na Paris ya wuce shi a 2018 ya shiga wani masallaci a Landan ya yi salla, wani da suka haɗu a can ya gayyace shi gida cin abinci ya bi shi, da rahoton da jaridar Mediapart ta fitar cewa ya ƙi yarda a biya shi wani ɓangare na kuɗinsa ta wani kamfani a tsibirin Jersey don rage haraji. Ina son waɗannan labarai, kuma na san su ne suka sa ko magoya bayan Manchester United da Arsenal a wurinmu ba sa zaginsa. Mutum mai kunya da riƙon addini a cikin wannan dukiya abin so ne. Amma in aka tsaya a gudu da murmushi an tauye shi. Masu gudu sun yi yawa a Firimiya, da dama sun fi shi cin kilomita a wasa. Shi abin da ya bambanta shi sanin lokacin tashi ne, da zaɓen wanda zai bi da wanda zai ƙyale, kuma wannan aikin ƙwaƙwalwa ne. An fi saurin kiran ɗan wasa mai basira in yana raba ƙwallo a tsaye. In baƙar fata ne gajere mai ƙwacewa, sai a ce ƙarfi ne da juriya.

Sai dai jiki magayi. Irin wasansa tashi ne da tsayawa da juyawa cikin gaggawa, sau ɗaruruwa a kowane wasa, kuma tsokar cinya ce ke biyan bashin. Daga zuwansa Ingila har 2019 bai taɓa buga ƙasa da wasa 34 a kakar Firimiya ba. A kakar 2019 zuwa 2020, bayan wancan wasa na Baku da aka sa shi da ciwo, 22 ya buga. A Mayun 2022 Tuchel ya fito fili ya ce Kanté shi ne Salah ɗinsu, shi ne De Bruyne ɗinsu, amma ba sa samunsa sai a ƙasa da rabin wasanni. A watan Agusta tsokar bayan cinyarsa ta yage a wasa da Tottenham, aka yi masa tiyata, kofin duniya na Katar ya wuce shi, kamar yadda ya wuce Pogba. Faransa ta kai wasan ƙarshe da Aurélien Tchouaméni da Adrien Rabiot, Griezmann ya sauko yana taya su, amma Messi, wanda aka hana sakat a Kazan, ya ci biyu ya tafi da kofi. Chelsea kuma, da Kanté bai buga mata wasa goma ba a kakar, ta ƙare a na 12 duk da ɗimbin kuɗin da sababbin masu ita suka kashe.

Da kwantiraginsa ya ƙare a Yunin 2023 ya koma Al-Ittihad ta Jidda, inda ya haɗu da Karim Benzema, a shekarar kuma ya sayi wata ƙaramar ƙungiya a Beljiyam, Royal Excelsior Virton. Da yawa mun ɗauka ya tafi hutawa ne kusa da Makka. Abin da ya faru shi ne jikinsa ya samu sauƙin da Ingila ba ta taɓa ba shi ba, ya koma buga wasa mako bayan mako, har suka ci gasar Saudiyya da kofin Sarki a 2025 ƙarƙashin Laurent Blanc.

Tun kafin nan, a Mayun 2024, Deschamps ya karanta sunayen waɗanda za su je gasar ƙasashen Turai a Jamus, sai ga sunan Kanté, bayan shekara biyu rabonsa da rigar Faransa, yana da shekara 33. An yi ta gunaguni cewa tsohon koci ya kasa rabuwa da tsofaffin yaransa. A wasan farko da Ostiriya, Faransa na gaba da ci ɗaya, saura 'yan mintuna, Patrick Wimmer ya kuɓuce ya nufi gola, Kanté ya biyo shi daga tsakiyar fili ya cim masa ya karɓe. Shi ne gwarzon wasan, shi ne kuma gwarzon wasa na biyu da Holan. Da Tchouaméni ya warke daga rauni ya karɓi gadin ƙofa, Kanté ya koma damansa yana fita yana dawowa. Faransa ba ta iya cin ƙwallo a gasar, amma cin ta ma ya gagara, ƙwallo ɗaya tak aka zura mata kafin wasan kusa da na ƙarshe, ita ma da fenariti.

Kafin ranar 9 ga Yulin 2024 ya buga wa Faransa wasa 20 a manyan gasanni, huɗu a 2016, bakwai a Rasha, huɗu a 2021, biyar a Jamus, kuma ba a taɓa doke ta a fili yana ciki ba, in ban da fenaritin Suwizalan. A na 21, wasan kusa da na ƙarshe da Sifaniya a Munich, Randal Kolo Muani ya fara ci wa Faransa da kai. Sai wani yaro ɗan shekara 16, Lamine Yamal, ya lanƙwasa ƙwallo daga nesa ta daki turke ta shiga, bayan minti huɗu Dani Olmo ya ƙara. Sifaniya tana da Rodri a gindin tsakiya da Fabián Ruiz a gefensa, suna sakin ƙwallo kafin kowa ya iso. Da wasa ya haura awa ɗaya Deschamps yana neman mai farkewa, aka ɗaga allo da lamba 13, Kanté ya fita, Griezmann ya shigo, aka tashi 2 da 1.